Amsar Wasiƙunku: Ko A Sauke Matakin Babur Don Gwiwa Ta Huta?

   

A wannan mako wasiƙu uku ne suka zo mana a kan abu guda, wato matakin babur, ƙarfen nan da mahayi ke ɗora ƙafarsa a kai. Saboda haka muka ga ya fi kyau mu haɗa su wuri ɗaya mu amsa.

Ta farko ta fito daga wani manomi, kuma ɗan kasuwar hatsi, a wani ƙauye na ƙasar Gumel. Ya ce shi mutum ne dogo, ya ba hamsin baya, kuma duk ranar Alhamis yakan hau Boxer ɗinsa zuwa kasuwar Maigatari. Ya ce kafin ya isa gwiwoyinsa sun sage, in ya sauka sai ya dafa bango kafin ya miƙe, har sujada ma takan yi masa wuya a sallar azahar. Ya ce wani mai walda ya yi masa alkawarin zai yanke matakin ya sauke masa shi ƙasa da kamar yatsa huɗu, ƙafa ta sami sarari. Shi ne yake tambaya, ya yi ko kada ya yi?

To Malam, da farko Allah Ya ƙara lafiya. Amsar a taƙaice ita ce: sauke mataki yana sa gwiwa ta huta, wannan gaskiya ne, amma yatsa huɗu ya yi yawa, kuma ba daga nan ake fara gyaran ba. Bari in yi maka bayani dalla-dalla, don kai da kanka ka yanke shawara.

Shi kamfanin da ke ƙera babur, ko na Indiya ne kamar Bajaj da TVS, ko na Japan kamar Honda da Suzuki, ko na Sin kamar Jincheng da Haojue, matsakaicin mutum yake aunawa. Abu uku yake daidaitawa: inda za ka zauna, inda za ka kama da hannu, da inda za ka ɗora ƙafa. In kai dogo ne, tazarar da ke tsakanin sirdi da mataki ta yi maka kaɗan, sai gwiwarka ta lanƙwashe fiye da kima, ta ɗaga sama da ƙugunka. Zama a haka na sa'a ɗaya ko biyu, ga gargada, shi ke kawo sagewar nan da ciwon kwankwaso. Ka tuna yadda babban mutum yake ji in ya daɗe zaune a kan kujerar tsugunno. To haka abin yake.

Ke nan abin da muke nema shi ne a ƙara tazara tsakanin sirdi da mataki. Hanya biyu ce: ko a sauke mataki, ko a ɗaga sirdi. Gwiwa ba ta san wanne aka yi ba, ita dai ta ji ta miƙe. Amma shi babur ya san bambancin, ƙwarai kuwa.

Ka durƙusa ka duba cikin babur ɗinka. Tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa ba ta kai taƙi guda na babban mutum ba. Wannan kuwa babu kowa a kai. In ka hau, ka ɗora buhu, shoka ta danne, sai tazarar ta ƙara raguwa. Duk yatsa guda da ka sauke mataki, daga cikin wannan 'yar tazara ka cire shi. A kan kwalta miƙaƙƙiya ba za ka ga aibun abin ba. Amma mu hanyoyinmu fa? Ga kwarin da tayar amalanke ta haƙa, ga kunyar gona, ga kututturen da ciyawa ta rufe, ga dutse. Sannan babur ba ya shan kwana sai ya karkata, in ya karkata kuwa mataki ne ke fara kusantar ƙasa.

Manyan baburan da ake hawa a Turai da Amurka, matakinsu yana da gaɓa da sifirin, in ya taɓa ƙasa sai ya naɗe sama, mahayi ya ji gargaɗi. A can har ana sayar da matakan da aka ƙera musamman don dogayen mutane, galibinsu kuwa inci ɗaya ne ko ɗaya da rabi suke saukewa. Amma da yawa daga cikin namu sandar ƙarfe ce guda, ta ratsa ta ƙarƙashin inji, an ɗaure ta da notuna, ba ta naɗewa. In ta soki ƙasa a kwana, sai ta zama kamar ƙarfen da ake ɓanɓare dutse da shi: ta ɗaga tayar baya, taya ta rabu da ƙasa, sai ka ji ka a kwance.

Wannan magana ba a littafi na karanta ta ba. Lokacin da nake koyarwa a wata firamare ta ƙauye, ina da wani tsohon babur da nake zuwa makaranta da shi. Ni ma ba gajere ba ne. Na je na sa aka yanke mini mataki aka sauke shi kamar yatsa uku, kuma mai waldar ya yi abin da na ce ne, laifin nawa ne. Duk ranin nan na ji daɗi, har ina yi wa sauran malamai talla. Da damina ta sauka, wata safiya na zo shan kwana a gangaren rafi, ba gudu nake ba, sai matakin dama ya kama bakin kwari. Kafin in ce me, ina ƙasa, babur a kaina, salansa ta manne a ƙwaurina. Mako uku ban shiga aji ba, tabon kuwa yana nan har gobe. Garin neman gira na so in rasa ido.

Abu na biyu, wanda ya ma fi na farko haɗari, shi ne birki. Kamfani ya daidaita birkin ƙafa ne da tsayin mataki, yadda ƙafarka tana kan mataki yatsunka na kan birki, dannawa kawai za ka yi. In ka sauke mataki ka bar birki a inda yake, sai ya zama birkin ya fi ƙafarka tudu. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko ka riƙa ɗora ƙafa a kansa kana tafe kana danne shi ba ka sani ba, birki ya yi zafi, ya cinye, mai ma ya ƙara zuƙewa. Ko kuwa ka kawar da ƙafar gefe don ta huta, in abu ya taso sai ka ɗaga ta ka nemo birkin tukuna.

Kada ka raina wannan ɗan jinkiri. Mu yi lissafi irin na aji. Babur da ke gudun kilomita 40 a sa'a yana cin mita 11 a daƙiƙa guda. In neman birki ya ci maka rabin daƙiƙa, ka wuce mita biyar da ɗoriya ke nan ba ka fara tsayawa ba. Mita biyar kuwa ita ce tsakaninka da akuyar da ta faɗo hanya, ko yaron da ya biyo ta da gudu.

Na uku, giya. Ita ma ƙarfenta an saita shi ne da mataki. Baburanmu da dama suna da giya mai baki biyu, ana taka gaba da yatsu, ana taka baya da diddige. In ka juya ta don bakin gaba ya sauko, na baya sai ya ɗaga. Saboda haka akwai iyakar gyaran da za ta karɓa. Na huɗu, a wasu baburan ƙafar da ake kafe babur da ita a jikin sandar matakin take. In an sauke sandar, babur zai riƙa tsayawa a miƙe in ka kafe shi, ba zai jingina sosai ba, da ka ɗora buhu sai ya kife ta ɗaya gefen. Sannan a duba kik, kada ya riƙa bugun mataki in ana tayar da babur.

To ina mafita? Ga shawarata, mataki-mataki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Ka fara duba yadda kake ɗaure kaya. Sau da yawa ba mataki ne mai laifi ba. Mutum zai ɗora buhun gero ko na riɗi a kan rabin sirdi, ya tura kansa gaba har ya hau kan tanki, gwiwa ta dunƙule. Ko matakin ƙasa ka kai shi, in haka kake zama, ba za ka huta ba. Ka matsar da kaya baya kan kariya gwargwadon iko, ka bar wa kanka wurin zama. Amma kada ka tara nauyi can ƙarshen baya har gaban babur ya riƙa ɗagawa. In kayan sun fi ƙarfin sawu ɗaya, a yi sawu biyu ko a ba mota.

Sai ka duba sirdi. Soson da ke ciki yana mutuwa. Babur ɗin da ya shekara uku ko huɗu yana zuwa kasuwa, za ka tarar sosonsa ya lotse, kana zaune kusan a kan ƙarfe. Wato tazarar da kamfani ya ba ka tun farko ma ta ragu. Kafin ka kashe ko kwabo, yi wannan gwaji: ninke bargo ya yi kaurin yatsa biyu, ka ɗaure shi tam a kan sirdi yadda ba zai zame ba, ka je kasuwar Alhamis ɗaya da shi. In ka ji sauƙi, sai ka kai sirdin wurin mai ɗinkin kushin ya sa maka sabon soso mai tauri, ya ƙara tudu da inci ɗaya ko biyu. Mai tauri fa na ce, don mai laushi kwana kaɗan zai koma yadda yake.

Amfanin wannan hanya shi ne ba ta taɓa birki ba, ba ta taɓa giya ba, ba ta rage tazararka da ƙasa ba. Sharaɗinta guda: in ka tsaya, ƙafafunka biyu su iya dafa ƙasa sosai. Kai da yake dogo ne, wannan ba zai dame ka ba. In ka ji bayan ƙarin tudun kana sunkuyawa, bakanike zai iya sassauta notunan da suka riƙe kan babur ya ɗan juyo shi wajenka. A tabbata dai wayar totur da ta kulochi da ta birkin hannu ba su ɗame ba in an juya kan hagu da dama har ƙarshe.

In ka yi duk wannan gwiwa ba ta daina ba, to sai a zo kan mataki. Amma da sharuɗɗa. Kada a wuce inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, kamar faɗin babban yatsanka. Za ka ga kamar kaɗan ne, amma in ka haɗa shi da ƙarin soso, gwiwa za ta shaida. Ka nemi bakaniken da ya san aikinsa, ba yaron shago ba. Ka sayi wata sandar matakin daban a yi gyaran a kanta, ka ajiye ta asali a gida, in abin bai yi ba ka mayar. A cire sandar daga jikin babur kafin a kai ta wurin walda, don wuta da tankin fetur ba sa ga maciji, kuma walda a jikin babur tana iya lalata kayan wutarsa. A sa ƙarfe mai kauri a ƙarfafa wurin, saboda in ka zo rami kakan miƙe tsaye a kan mataki, nauyinka duka a kansa. Waldar da ta karye a wannan lokaci, ƙafa ce za ta soki ƙasa babur na tafiya.

Akwai masu cusa tarin washa tsakanin sandar da inji, su sa dogayen notuna. Ku yi hattara da wannan. Jikin injin alminiyom ne, ba shi da taurin ƙarfe. Noti mai tsawo ko wanda ke girgiza zai iya cinye zaren ramin ko ya tsaga jikin injin, kuɗin gyaran kuwa ya ninka na sabon sirdi sau da yawa.

Bayan an sauke, kada ka bar garejin sai an saita birki da giya a gabanka. A sauko da birkin daidai da sabon mataki, a gyara notin da ke ƙarshen sandar birki can wajen tayar baya, yadda in ka taka zai sauka kamar santimita biyu zuwa uku kafin ya kama. A taka shi har ƙarshe a ga bai taɓa salansa ba, bai kuma yi kusa da ƙasa ba. A duba fitilar birki tana kamawa. Ƙarfen giya kuwa a kan wasu 'yan haƙora yake zaune. A yi alama kafin a cire, a matsar da haƙori guda, a ɗaure notin tam. In ya yi sako-sako zai cinye haƙoran. Kada kuma ka yarda a like shi da walda a jikin sandar giya, don ran da za a canza ta sai an buɗe inji, an kuma yi yanka.

Daga nan ka tafi filin ƙwallo ko filin idi, inda ba jama'a, ka ɗora irin kayan da ka saba ɗauka, ka yi ta zagaye a hankali hagu da dama, kana taka birki kana sauya giya, har ƙafarka ta saba. In ka ji mataki ya karci ƙasa a nan, to ka mayar da ta asali, kada ka yi gardama da shi.

Abu na ƙarshe gare ka, Malam. In gwiwar tana kumbura, ko tana zafi in an taɓa, ko tana ciwo ko ba ka hau babur ba, wannan ya wuce aikin bakanike. Ka je asibiti a duba, don yana iya zama amosanin gaɓɓai ko wani abu daban. Kuma a hanya ka riƙa tsayawa duk bayan sa'a guda, ka sauka ka taka ƙasa na minti biyar. Kasuwa ba za ta watse kafin ka isa ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda ɗanta ke kai ta kasuwar Wudil ran Juma'a. Ta ce matakin baya ya yi mata sama, ƙafarta na ciwo, ko a sauke shi?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah Ya sa albarka a sana'a. Matakin baya yana da maƙwabta biyu marasa kirki: a dama salansa, a hagu sarƙa, ga kuma wayoyin taya a tsakiya. In an sauke shi ba a lura ba, diddigenki zai kusanci ɗayansu. Abin da ya fi miki shi ne a sa faffaɗan mataki wanda tafin ƙafa zai zauna a kai gaba ɗaya, a kuma sa raga ta ƙarfe a gefen tayar baya. A Indiya, inda ake ƙera Boxer, doka ce ta wajabta sa irin wannan kariya a gefen taya, saboda dogayen tufafin matansu. Mu ma ga zane ga hijabi ga mayafi. Ki riƙa tattare bakinsu ki danne kafin a tashi. Kuma ina roƙon iyaye: yaron da ƙafarsa ba ta kai mataki ba, kada a bar ta tana reto kusa da taya. Ma'aikatan asibitocinmu sun san irin raunin da wayoyin taya ke yi wa diddigen yara.

Ta uku wani saurayi ne ɗan acaba ya aiko. Ya ce shi maganinsa mai sauƙi ne, in ƙafa ta gaji sai ya miƙe ta ya ɗora a kan ƙarfen nan da ke kare inji ta gaba. Ɗan'uwa, ka ji lissafin da muka yi ɗazu. Ƙafar da ke can gaba ta fi kowace nisa da birki. Kuma ba ranka kaɗai ka ɗauko ba. In ka gaji ka tsaya ka miƙe ƙafa a ƙasa. Ka bar hawa da silifa, ka nemi takalmi rufaffe, ka duba robar matakinka, in ta cinye ka canza, don ƙarfe tsirara da laka santsi gare su. Hular kwano kuwa ba don tsoron jami'an kiyaye haɗurra ake sa ta ba, kai ne ke da kan.

To jama'a, sai mu tattara. Dogo mai ciwon gwiwa ya fara da gyara ɗaurin kaya, sannan sirdi. In dole sai an taɓa mataki, inci ɗaya, a hannun gwani, a kuma saita birki da giya a ranar. Yanzu lokacin damina ne, hanyoyi sun lalace, ga aikin gona ya kankama. Manomin da ya karye a wannan wata, ba ƙafa kaɗai ya rasa ba, har da noman shekara, iyali kuwa shi suke kallo.

Malam na ƙasar Gumel, in ka gwada bargon nan ka rubuto mana yadda ka ji, don wasu su amfana. Sauran wasiƙun da ba mu samu karantawa ba, suna nan a ajiye, a yi mana haƙuri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya kiyaye hanya. Wassalamu alaikum.